Darasi: Kaluluwa, Dalilan Kumburinta da Lokacin Zuwa Asibiti

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai koyo zai iya:

1. bayyana mece ce kaluluwa da aikin da take yi a jikin ɗan Adam;
2. danganta wurin da kaluluwa ta fito da sashen jikin da ciwo yake;
3. kawo manyan dalilan kumburinta, masu sauƙi da masu haɗari;
4. rarrabe kumburin da za a iya sa wa ido a gida da wanda ke buƙatar asibiti ba tare da jinkiri ba.

1. Mece ce kaluluwa?

Yayin da jini yake zagaya jiki, wani kaso na ruwansa yakan tsatso daga ƙananan jijiyoyin jini ya shiga cikin nama domin ya kai abinci, kuma wannan ruwa ba ya tsayawa a can, domin akwai wasu siraran hanyoyi dabam waɗanda aikinsu shi ne su kwashe shi su mayar da shi cikin jini a gindin wuya. Ruwan da ke bin waɗannan hanyoyi shi ake kira ruwan limfi, kuma abin da ke komawa jini ta wannan hanya yakan kai lita 2 zuwa 4 a kowace rana. Tun da ruwan ya ratsa fata da tsoka da kayan ciki, yakan taho da duk abin da ya tarar a can, har da ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin halitta, don haka aka jera masa wuraren tacewa a kan hanyarsa. Waɗannan wurare su ne kaluluwa, kuma aikinsu ya yi kama da na shingen bincike a kan babbar hanya, inda ake tsayar da kowace mota a duba kayanta kafin ta shiga gari.

Baligi yana da kaluluwa kimanin 500 zuwa 600, mafi yawansu a can cikin ƙirji da ciki inda hannu ba ya kaiwa, sauran kuma a kusa da fata, musamman a wuya da hamata da matsematsi. Kowace ɗaya cike take da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Idan ƙwayar cuta ta iso, waɗannan fararen ƙwayoyi sukan hayayyafa cikin gaggawa, kaluluwar ta cika ta kumbura, kuma idan kumburin ya zo da sauri sai fatar da ta lulluɓe ta ta ɗame, wanda shi ne ke kawo zafin da mutum ke ji.

> Akwatin ma'ana
> Ruwan limfi: ruwa mai haske da ke fitowa daga jini, ya ratsa nama, sannan ya koma jini ta wasu hanyoyi nasa.
> Kaluluwa: ɗan curin nama mai siffar ƙwayar wake da ke tace ruwan limfi. A maganar yau da kullum ana cewa "kaluluwa ta fito" idan ta kumbura, amma tana nan a jikin kowa tun haihuwa.
> Garkuwar jiki: tsarin da jiki ke kare kansa da shi daga cututtuka.

A ƙa'idar likitoci, kaluluwar da faɗinta bai wuce santimita 1 ba ana ɗaukarta daidai, ta matsematsi kuwa ana yi mata uzuri har zuwa santimita 1.5, saboda ƙafa na yawan samun rauni, musamman ga masu tafiya ba takalmi.

2. Wurin kumburi yana nuna inda ciwo yake

Abu mafi muhimmanci da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne cewa kumburin kaluluwa alama ce, kuma a mafi yawan lokuta asalin ciwon yana wani wuri dabam. Kowane rukuni na kaluluwa yana da yankin jikin da yake tace wa ruwa. Ta ƙeya da ta bayan kunne suna karɓa daga fatar kai, shi ya sa makero ko kwarkwata ko ƙurajen da suka biyo bayan aski ke tayar da su. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ta gefen wuya suna karɓa daga baki da haƙora da dasashi da maƙogwaro da kunne. Ta hamata tana karɓa daga hannu da mama da fatar ƙirji, ta matsematsi kuma daga ƙafa da al'aura da kewayen dubura. Akwai wadda ke cikin ɗan ramin da ke saman ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wadda ruwanta ke zuwa daga cikin ƙirji da ciki, kuma za a sake komawa kanta a gaba saboda hukuncinta dabam yake.

Misali na 1. Wani manomi ya wayi gari lokacin hunturu da kaluluwa mai zafi a matsematsinsa na dama, girmanta kamar ƙwayar gyaɗa, tana motsi idan an taɓa ta. Ma'aikacin lafiya a asibitin sha-ka-tafi bai tsaya kan kumburin ba, sai ya ce masa: "Baba, a cire takalmin dama in duba ƙafar." A dugadugin ya tarar da faso mai zurfi wanda ya yi ja, yana fitar da ruwa. Matakan tunaninsa su ne: kumburin na gefe ɗaya ne, yana da zafi, kwanansa uku kacal, kuma ga rauni a yankin da wannan kaluluwa ke tace wa ruwa. Maganin da ya dace shi ne wanke raunin, da ɗaure shi, da maganin kashe bakteriya idan an ga ya kamu, kuma ana sa ran kaluluwar ta saɓe da kanta cikin mako 2 zuwa 3 bayan ƙafar ta warke.

3. Cututtukan yau da kullum

Mafi rinjayen kumburin kaluluwa yana zuwa ne daga cututtukan da kowane gida ya sani: mura, ciwon maƙogwaro, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon kunne, maruru, ƙazuwa, da raunin da bai samu kulawa ba. Irin wannan kaluluwa takan zama mai taushi, mai zafi, mai motsi a ƙarƙashin fata, kuma takan ragu da zarar ciwon ya lafa, ko da yake ba lallai ne ta ɓace gaba ɗaya nan da nan ba. Yara sun fi manya samunta, domin garkuwar jikinsu tana haɗuwa da cututtuka da yawa a karon farko, kuma ana iya jin 'yan ƙananan kaluluwa a wuyan yaro mai cikakkiyar lafiya ba tare da wata matsala ba. Haka nan allurar rigakafi kan tayar da ta hamatar hannun da aka yi allurar, kamar yadda ake gani wani lokaci ga jarirai bayan allurar BCG, kuma yawanci takan lafa da kanta.

Wani lokaci bakteriya kan fi ƙarfin kaluluwar har su kama ta ita kanta, sai fatar da ke kanta ta yi ja, ta yi zafi kamar garwashi idan an ɗora hannu, zazzaɓi ya taso, daga baya kuma ta tara mugunya ta yi laushi a tsakiya. Wannan na buƙatar maganin kashe bakteriya na asibiti, kuma idan mugunya ta taru, ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya fitar da ita da kayan aiki masu tsabta.

Akwai cuta guda a wannan rukuni da ba ta ba da lokaci, wato mashaƙo. Yaron da ya kamu da ita yakan yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, wata fata mai launin toka ta shimfiɗu a cikin maƙogwaronsa, kaluluwar wuya da naman da ke kewaye da ita su kumbura har wuyan ya yi kauri ƙwarai, kuma numfashi kan iya toshewa. Cutar ta ɓarke a Najeriya daga shekarar 2022, ta tsananta a 2023, kuma Jihar Kano ce ta fi yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su samu cikakkiyar rigakafi ba. Allurar Penta da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 tana ba da kariya daga gare ta.

4. Tarin fuka na kaluluwa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa tarin fuka, wanda ake kira tibi, ciwon huhu ne kawai, alhali ƙwayar cutar, wadda likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, tana iya zama a sassa da dama na jiki, kuma bayan huhu kaluluwa na cikin wuraren da ta fi kamawa, musamman ta wuya. Wannan batu ya shafi masu karatun wannan darasi kai tsaye, domin Najeriya na cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu yawan tarin fuka.

Kamannin kaluluwar tarin fuka sun saɓa wa na kaluluwar mura ta kowace fuska. Tana girma a hankali cikin makonni ko watanni, yawanci ba ta da zafi, kuma guda biyu ko uku ko fiye sukan manne da juna su zama dunƙule ɗaya. Idan aka daɗe ba a yi magani ba, tsakiyarta kan narke ta zama mugunya, amma ba tare da ja da zafin da aka saba gani a maruru ba, sannan ta fashe ta bar wata 'yar kafa da ke ta tsiyayar ruwa ta ƙi warkewa, in ma ta rufe ta bar tabo mai tattara. Mai ciwon na iya yin zazzaɓin yamma da gumin dare da rama, kuma yana iya kasancewa ba ya tari ko kaɗan. Rashin tari da rashin zafi su ne ke yaudarar iyali, har a shafe watanni ana shafe-shafe da sakiya, kuma abin takaici ne ƙwarai, domin cuta ce mai magani.

Ana tabbatar da ita ta hanyar zuƙo ɗan ruwa ko nama daga kaluluwar da siririyar allura a gwada shi, sau da yawa da na'urar GeneXpert, tare da hoton ƙirji da gwajin ƙanjamau, saboda cututtukan biyu na yawan haɗuwa. Maganin na wata 6 ne, wata 2 na farko da magunguna iri 4, sauran wata 4 da iri 2, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya. Kumburin kan iya ƙaruwa na ɗan lokaci bayan an fara shan magani, wanda ba dalili ba ne na dainawa, sai dai a koma a nuna wa likita. Wanda cutarsa ta tsaya a kaluluwa kaɗai, huhunsa kuma lafiya lau, yawanci ba ya yaɗa ta ta numfashi, don haka babu hujjar ƙyamarsa. Akwai kuma nau'in ƙwayar da ke kama shanu, wanda ke shiga mutum ta ɗanyar madara, kuma tafasa madara kafin a sha ko a mai da ita nono yana kashe ta.

Misali na 2. Wata yarinya 'yar shekara 12 tana da kumburi a gefen wuya wata 3 ke nan, ba ya mata ciwo, an saya mata maganin kashe bakteriya a kemis har sau biyu bai ragu ba, kuma tufafinta sun fara yi mata yawa. Kakanta da suke gida ɗaya ya daɗe yana tari. A nan tsawon lokaci, da rashin zafi, da ƙin jin magani, da rama, da zama da mai tari, duk suna nuni zuwa ga tarin fuka, ko da yake ciwon daji ma kan zo da irin wannan siffa. Hukuncin shi ne a kai ta asibiti a gwada kaluluwar, a kuma gwada majinar kakan da sauran mutanen gidan.

5. Idan kumburin ya bazu a wurare da yawa

Idan kaluluwa ta kumbura a wurare biyu ko fiye waɗanda ba maƙwabtan juna ba, misali wuya da hamata da matsematsi, to dalilin ya game jiki ne. Ƙanjamau na kan gaba a abubuwan da ake bincikawa, domin takan tayar da kaluluwa tare da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro mako 2 zuwa 4 bayan kamuwa, kuma daga baya takan bar kumburi marar zafi a wurare da dama fiye da wata 3, tun mutum yana jin ƙarfinsa. Tunjere ma yakan yi haka a matakinsa na biyu. Ƙyanda na tayar da kaluluwa, ƙyandar biri kuwa kumburin kaluluwa na cikin alamomin da ke rarrabe ta da ƙarambau. Ƙwayar bairas ta Epstein-Barr, wadda ke yaɗuwa ta yawu, takan sa matashi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala ta makonni. Tsutsar da sauro ke ɗaukowa mai jawo tundurmi da gwaiwa a cikin hanyoyin limfi take zama, kuma takan kawo kumburin matsematsi mai zafi da ke zuwa yana dawowa. Ciwon barci na ƙudan tsando yana tayar da kaluluwar bayan wuya, alamar da likita Thomas Winterbottom ya bayyana a 1803 bayan ya yi aiki a Saliyo. Bayan waɗannan akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, irin su lufus, da kuma wasu magunguna kamar fenitoyin da kabamazafin da ake ba masu farfaɗiya, waɗanda bai kamata a daina shansu ba sai da izinin likita.

6. Ciwon daji

Ciwon daji kan shafi kaluluwa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ya faro daga cikinta, wanda ake kira limfoma, kuma likitan Ingila Thomas Hodgkin ne ya bayyana nau'in da ke ɗauke da sunansa a 1832. Wani nau'in, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, ya fi kama yara a yankunan Afirka masu yawan zazzaɓin cizon sauro, yana kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin makonni kaɗan, amma yana jin magani sosai idan an kai yaro da wuri. Hanya ta biyu ita ce dajin ya faro a wata gaɓa, ƙwayoyinsa su bi ruwan limfi su maƙale a kaluluwa mafi kusa, kamar yadda sankarar mama ke bayyana a hamata. Babbar hanyar limfi da ke tahowa daga ciki tana zuba a gindin wuya ta hagu, shi ya sa kaluluwar da ke ramin saman ƙashin wuya na hagu kan zama alamar farko ta dajin tumbi ko na wani kayan ciki, kuma duk kumburin da ya fito a wannan rami, dama ko hagu, na buƙatar likita ko da ƙarami ne.

Kaluluwar daji yawanci tana da tauri, ba ta da zafi, tana ƙara girma, kuma wani lokaci takan kafe ta ƙi motsi. Wani bincike da aka yi a Holan, aka buga a 1988, ya nuna cewa cikin waɗanda suka je wurin likitan iyali da kumburin kaluluwa marar sanannen dalili, kusan 1 cikin 100 ne ke da daji, amma ga waɗanda suka haura shekara 40 adadin ya kai kusan 4 cikin 100. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin mai kumburi, ya kuma nuna dalilin da ya sa ake ƙara tsananta bincike ga manya.

> Akwatin ma'ana
> Limfoma: ciwon daji da ke farowa daga fararen ƙwayoyin jinin da ke cikin kaluluwa.
> Gwajin nama: ɗaukar ɗan yanki na kaluluwa, ko cire ta ɗungurungum, domin a duba ta da madubin likita.
> Gumin dare: gumin da ke jiƙa riga da shimfiɗa sharkaf ba tare da zafin gari ba.

7. Ba kowane kumburi ne kaluluwa ba

Hangum kumburin wurin da ke samar da yawu ne a gaban kunne, maƙoƙo kuma yana gaban wuya kuma yana hawa yana sauka idan mutum ya haɗiye yawu. Ƙaba a matsematsi takan fito idan an yi tari ko an ɗaga kaya, ta koma idan an kwanta, kuma idan ta maƙale ta ƙi komawa tare da ciwo da amai, tiyatar gaggawa take buƙata.

8. Lokacin zuwa asibiti

Kaluluwa ƙarama, mai zafi, wadda dalilinta ke bayyane, ana iya sa mata ido a gida ana gasa ta da tsumma mai ɗumi ana shan farasitamol, amma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin. Ana zuwa asibiti a ranar idan akwai wahalar numfashi ko haɗiya, ko zazzaɓi mai zafi da jan fata mai yaɗuwa, ko kumburin jariri ne. Ana kuma zuwa ba tare da ɓata lokaci ba idan kumburin ya wuce mako 2 bai fara raguwa ba, ko ya haura santimita 2, ko yana da tauri ko ya kafe, ko yana tare da gumin dare, ko zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko ramar da ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata 6, wato kilo 6 ga mai nauyin kilo 60.

Sakiya da tsaga da ƙaho a kan kaluluwa suna shigar da sababbin ƙwayoyin cuta, kuma idan tarin fuka ne sukan bar gyambon da ke ƙin warkewa. Magunguna irin su deksametason da firednisolon, waɗanda ake samu a kemis cikin sauƙi, suna iya saɓar da kumburi na ɗan lokaci, amma suna ƙara wa tarin fuka ƙarfi, suna kuma ɓata sakamakon gwajin limfoma, don haka wajibi ne mai ciwo ya gaya wa likita duk abin da ya sha kafin zuwansa.

Tambayoyin bita

1. Mene ne ruwan limfi, kuma wane aiki kaluluwa ke yi masa?
2. Me ke kawo zafi a kaluluwar da ta kumbura da sauri?
3. Idan kaluluwa ta fito a ƙeya, ko hamata, ko matsematsi, wane sashe na jiki za a fara dubawa a kowane hali?
4. A kawo bambance-bambance uku tsakanin kaluluwar mura da ta tarin fuka.
5. Me ya sa rashin zafi ba ya nufin rashin haɗari?
6. Wata mata mai nauyin kilo 70 ta koma kilo 62 cikin wata 5, kuma tana da kaluluwa mai tauri a hamata. Shin ramarta ta kai kashi 10 cikin 100? Wace shawara ta dace da ita?
7. Wace illa sakiya da shan deksametason ba da izinin likita ba ke yi wa mai kumburin kaluluwa?
8. Aikin gida: kowane mai koyo ya binciko sunan cibiyar gwajin tarin fuka mafi kusa da unguwarsa da ranakun aikinta, ya kawo wa aji a zama na gaba.